Bayit 24 da GCC bai yi mana gargaɗi a kansu ba

GCC shi ne kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun C da C++ zuwa shirin da kwamfuta ke gudanarwa. Mun tashi daga GCC 4.8.5 na CentOS 7 muka koma GCC 11 na Ubuntu 22.04, dukansu nau'o'in Linux ne. Yawancin koke-koken sabon kwamfailan ba su ci mana lokaci ba. Tsofaffin fayilolin C sun yi ta ihun `multiple definition` saboda tun GCC 10 aka mayar da `-fno-common` ƙa'ida. Muka sa `extern` a fayilolin .h, shi ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne wani laburare da muka saya a rufe, ginannen fayil na .so da fayil na .h mai bayyana ayyukansa kawai, ba mu da tushensa. Ana zuwa haɗawa sai `undefined reference` suka zubo, kowanne da `std::__cxx11::basic_string` a ciki. Dalilin sananne ne. C++11 ya hana `std::string`, nau'in da ke riƙe rubutu, raba ma'ajiya ɗaya tsakanin kwafe-kwafe, don haka a GCC 5.1 na 2015 aka sake gina shi da `std::list`, aka bar tsoho da sabo tare a cikin libstdc++.so.6 ɗaya, wato laburaren C++ na GCC. Laburaren mutanen nan da tsohon aka gina shi, namu kuwa sabon yake nema.

Maganin da kowa zai ba ka shi ne `-D_GLIBCXX_USE_CXX11_ABI=0`, wanda ke sa a gina da tsohon tsari. Ban iya sa shi a dukkan aikin ba, don laburaren Boost ɗin da ya zo da Ubuntu da sabon tsari aka gina shi. Sai na sa shi da `target_compile_definitions` na CMake, manhajar tsara gini, a sashe ɗaya tak, wanda ke magana da laburaren. Aka haɗa lafiya lau, ko gargaɗi ɗaya babu.

Wannan shirun ne ya cuce mu. Idan wani aiki (function) yana karɓar `std::string` kai tsaye, sunansa na ciki yakan sauya, linka, wato mai haɗa sassan shiri, ya kama saɓanin nan take. Idan kuwa `struct` ɗinka, wato ƙunshin bayanai, shi ne ke ɗauke da `std::string` a cikinsa, sunan `struct` ɗin ba ya sauyawa ko kaɗan. A kan x86-64 tsohon `std::string` bayit 8 ne, sabon 32. Muna da `struct` na saituna da ke ratsa sassan biyu, kuma duk abin da ya biyo bayan `std::string` na farko a cikinsa ya goce da bayit 24. Wani ɓangare ya rubuta lambar tashar sadarwa a wuri ɗaya, ɗayan ya karanta a wani wurin. Wani lokaci a sami sifili, wani lokaci `free(): invalid pointer` can nesa da inda ɓarnar ta faru. Valgrind, manhajar gano kurakuran ma'ajiya, yana nuna inda aka faɗi, amma ba ya faɗa maka cewa fayiloli biyu sun saɓa kan girman abu ɗaya.

Abin da ya tona asirin shi ne buga `sizeof` na `struct` ɗin daga ɓangarorin biyu. Har yanzu abin yana yi mini ciwo, don gargaɗin `-Wabi-tag` na GCC na nan tun tuni domin irin wannan, sai dai ba ya cikin waɗanda `-Wall` ke kunnawa.

Gyaran da ya tsaya: na killace laburaren a bayan siririn fayil ɗaya da ake ginawa da tsohon tsari, ƙofarsa `extern "C"`, ba abin da ke wucewa sai `const char*`, tsawo da lambobi. Kowane `catch` a cikinsa yake ƙarewa, ya dawo da lambar kuskure. A .h ɗin da sauran sassa ke amfani da shi na sa `static_assert(sizeof(std::string) == 32)`, don duk wanda ya jawo shi cikin tsohon tsari ginin ya tsaya.

Yanzu kafin in taɓa kowane .so na waje, nakan fara da `nm -DC` don in ga sunayen da ke cikinsa, in tace da `grep __cxx11`. Idan akwai `std::string` amma babu `__cxx11`, na san da tsohon tsari nake hulɗa.

Sauran sabobinmu da ke kan CentOS 7 kuma sun ƙi karɓar sabon ginin: `GLIBCXX_3.4.29 not found`, don libstdc++ ɗinsu a 3.4.19 ya tsaya. `-static-libstdc++` ba ya fitar da kai, tunda glibc ɗinsu, wato babban laburaren C, 2.17 ne, na Ubuntu 22.04 kuwa 2.35. Nasu ginin a cikin kwantenar CentOS 7 muke yin sa.