Mudu, littafi da fulas: yadda muke hidimar gwauraye da masu jinya a Jos

Masu bi a Jos ba su da rowa. A yi wa'azi a kan Matiyu 25 ranar Lahadi, a taɓo maganar mai jin yunwa da mara lafiya da wanda ke kurkuku, kafin Laraba ɗakin ajiyar coci ya cika da masara da atamfofi da takalman yara. Rigimar tana farawa ne ranar rabo, lokacin da za a yanke wa za a ba, nawa za a ba shi, da kuma abin da za a miƙa masa wata mai zuwa bayan zafin wa'azin ya huce. Na daɗe a kwamitin jinƙai na Zumuntar Mata a ikilisiyarmu, kuma yawancin abin da na sani a wannan aiki daga ɓarnar da muka yi da hannunmu na koye shi.

Ɓarnarmu ta farko sanarwa ce. Muka sa aka faɗa a lokacin sujada cewa duk mai bukata ya tsaya bayan an tashi. Masu baki suka tsaya. Gwauruwar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba kuwa ta gyara ɗaurin kallabinta, ta gaisa da kowa, ta wuce gida, domin ba za ta tona wa kanta asiri a gaban surukanta ba. Daga nan muka daina kira, muka koma bi gida gida. Mata biyu ke tafiya, ɗaya daga cikinsu 'yar unguwar ce, kuma suna zuwa ne da sunan gaisuwa. Idan kuka tambayi dattijuwa ko tana da abinci, amsar da za ku samu ita ce "mun gode wa Ubangiji". Tambayar da ke buɗe magana ita ce, "Mama, jiya da dare me yara suka ci?" Sai kuma ido ya yi nasa aikin: murhu da toka mai ɗumi ko ya yi sanyi, akwai buhu a lungu ko babu, yara suna gida a lokacin makaranta ko sun tafi. A ƙirga bakin da ke ci a gidan da gaske, kada a tsaya ga 'ya'yan da ta haifa. Tun bayan hare-haren da aka kai ƙauyukan Mangu da Bokkos da Barikin Ladi a 2023, gidaje da yawa a cikin gari sun karɓi dangi, gida mai mutum huɗu ya koma mai tara, kuma mai gidan ba za ta faɗa ba sai an tambaya.

Duk abin da aka gano littafi yake shiga: suna, unguwa, yawan mutane, mai shan magani na kullum idan akwai, watan da kuɗin haya ke cika, abin da aka bayar da kwanan wata, da sa hannun mutum biyu. Ba a karanta sunaye a coci, jimla kawai ake faɗa. Su wa ke zaune a kwamitin ma abin dubawa ne. Gunaguni na farko a ikilisiyar Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 6, a kan rabon abinci ne: masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu. Aka zaɓi mutum bakwai, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci ne da su. Ikilisiyar da ta haɗa Berom da Ngas da Mwaghavul da Tarok da Irigwe ba ta bukatar a fassara mata wannan. Idan 'yan kwamiti duk yare ɗaya ne, ko sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari za a ce sun yi son kai, kuma sau da yawa ma sun tsallake wasu ɗin ba da gangan ba, don gidajen da suka saba shiga kawai suka sani.

Cire suna ya fi sa suna wuya nesa ba kusa ba. Shi ya sa tun ranar farko muke faɗa wa mutum cewa taimakon na wata shida ne, daga nan za a sake dubawa.

Kaya sun fi shigowa a lokacin godiyar kaka da Kirsimeti, yunwa kuma ta fi tsanani daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, farashi ya hau. Wanda ya raba komai a Disamba don a ji daɗin biki zai tsaya hannu rabbana a tsakiyar damina. Mu kashi ɗaya cikin uku muke fitarwa a Disamba, sauran a ajiye, kuɗin da ya shigo kuma a lokacin muke sayen hatsi da shi, a kasuwar Katako da ke Jos ko a kasuwar Mangu idan an sami mai zuwa. A tafi da mudun coci, a auna da shi a wurin saye, a auna da shi a wurin rabo. Mudun kasuwa ba ɗaya ba ne, kuma gibin da ke fitowa tsakaninsu shi ake ɗora wa mai riƙe da makulli daga baya.

Ajiya ce ta taɓa cinye mana buhun wake biyu. An sa su a ƙasan siminti, jingine da bango, a buhun da suka zo da shi. Da aka kwance a watan Mayu, gari da ƙwari muka tarar. Wake yakan taho da ƙwan ƙwarin tun daga gona, iska kawai suke bukata. Yanzu sai mun sake shanya shi ya bushe ƙarau, mu zuba a jarka mai lita 25 wadda aka wanke ta bushe, wadda kuma ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ba. A cika ta har wuya, a girgiza, a ƙara, a sa leda a bakin sannan a murɗa murfi. Iska ta ƙare, ƙwari su mutu. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS ma haka yake aiki, muddin an ɗaure kowace leda daban kuma ɓera bai huda ba. Jarkar da aka buɗe a raba ta duka a watan, kada a riƙa ɗiba ana rufewa. Masara kuwa a gwada ta da haƙori: idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan ta lotsa a mayar da ita rana. Buhuna a kan katako suke zama, da tazara daga bango. Maganin ƙwari ba ya kusantar abincin da za mu ba mutane, ko da wa ya kawo shawarar.

Gida mai mutum biyar muna ba shi masara mudu 10, wake mudu 3, manja kwalba ɗaya, gishiri, Maggi da sabulu. Ba zai kai wata ba, kwana bakwai zuwa goma ne, kuma muna faɗa musu haka don kada su saki abin da suke yi. Abin da muka daɗe ba mu lura da shi ba shi ne kuɗin niƙa da gawayi. Wata tsohuwa ta sayar da waken da muka kai mata, aka zo ana ƙorafi a taro. Da aka bincika, ba ta da abin dafa shi ne, wake kuwa wuta yake ci. Tun daga ranar kowane ƙulli yana tafiya da kuɗin inji da ledar gawayi.

Ga tsofaffi marasa haƙori da yaran da suka rame da masu tashi daga ciwo, garin kunu muke haɗawa, wanda mutane ke kira Tom Brown. Awonmu shi ne hatsi mudu 6, waken suya mudu 3, gyaɗa mudu 1. Hatsin muna gauraya masara da gero da dawa, a tsince, a wanke, a shanya, a soya sama-sama har ya yi ƙamshi. Waken suya ne mai aiki. A jiƙa shi ya kwana, a tafasa kamar minti ashirin, a murje ɓawon, a shanya ya bushe sosai, sannan a soya da ƙaramar wuta har ya yi ruwan ƙasa. Wanda ya tsallake tafasawa ko ya gajarta suya zai sami kunu mai gafi da ke kumbura wa yara ciki, uwa kuma ba za ta sake damawa ba. Gyaɗa a zauna a tsince ta ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi baƙi ko ta yanƙwane ko ta yi fumfuna a zubar, domin gubarta tana taɓa hanta kuma suya ba ta kashe ta. A inji a sa mai niƙa ya fara wuce ɗan hatsi don ya share barkonon wanda ya riga ku. Garin zai fito da zafi. A baza shi a faranti ya huce tukuna, idan aka ƙulle shi da ɗumi zai yi gumi a leda ya lalace. Saboda man gyaɗar ba ya jure dogon zama, na wata guda kawai muke yi. A watan Agusta kuwa, da ruwan Jos ke kwana ya wuni, shanya ba ta yiwuwa, don haka waken suyan damina tun Maris muke gyara shi mu rufe a jarka.

Asibiti duniya ce daban. Ko JUTH ne, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo, ko Jankwano, ko Plateau Specialist, wurin ma'aikaciyar jinyar da ke kan aiki ake fara tsayawa. "Sannu da aiki, Sista. Daga coci muke. Wa ba shi da mai kawo masa abinci, kuma wa aka hana ci?" Tambaya ta biyun ta fi ta farko nauyi. Wanda za a shiga da shi tiyata ba ya cin komai, kuma a wani asibiti mun taɓa jawo aka ɗaga aikin wani bawan Allah saboda kofin kunu ɗaya da 'yar'uwarmu ta ba shi don tausayi. Mai ciwon suga ba a zuba masa suga, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda ba a cika musu gishiri, mai ƙoda ma har ruwan shansa wani lokaci aunawa ake yi. Shi ya sa kununmu ba suga muke kai shi, sugan yana leda daban. Gwaten acca mai ruwa-ruwa da ganye yana shiga wa masu jiki da yawa, amma shi ma sai Sista ta yarda.

Wanda ya fi kowa yunwa a ɗakin sau da yawa ba ya kan gado. Mai jinya ce, wadda ta taho daga ƙauye da zane ɗaya, take kwana a kan kwali a baranda, duk kuɗin hannunta ya tafi a magani. Ita muke fara miƙa wa kwano. A Disamba da Janairu, da sanyin Jos ke shiga ƙashi, fulas na ruwan zafi da bargo sun fi shinkafa daraja a wurinta. Bokiti, sabulun wanki, da famfas na manya ga wanda ba ya iya tashi, su ne abin da aka fi roƙonmu a ɓoye.

Kuɗin magani ba ma ba da shi a hannu. Mu karɓi takardar magani ko ta gwaji, mu je mu biya da kanmu, rasit ya shiga littafi. Wannan yana kare mara lafiya daga danginsa, yana kuma kare mu daga bakin mutane. Kuma kada a yi alkawarin biyan kuɗin asibiti gaba ɗaya a bakin gado. A faɗi abin da za a iya yau.

Addu'a sai an nemi izini, kuma da murya ƙasa-ƙasa, minti biyu ya isa. A gado na gaba akwai wanda bai runtsa ba tun jiya, akwai kuma Musulmi, kuma kwanonsa daidai yake da na kowa. Idan ya ce a bar addu'ar, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba" ta wadatar. Duk wanda ya ce wa mara lafiya ya ajiye magani ya dogara ga bangaskiya, ranar ce ta ƙarshe da zai bi mu. Haka ma mai ɗaga waya ya ɗauki hoto. Na san ana cewa hoto ne ke jawo masu bayarwa a Facebook, amma ban taɓa ganin wadda ta so a nuna ta da robar fitsari a gefen gado ba.

Mata goma sha biyu muka fara, cikin wata huɗu muka koma uku, su ukun ma kowace da ƙorafin maigida a kanta. Himma ce ta cinye mu, kowa na son zuwa ko'ina. Yanzu ƙungiya huɗu ce, kowace da makonta a wata, kuma kuɗin keke daga asusu yake fita, domin wadda ke biya daga aljihunta ba za ta yi magana ba, za ta daina zuwa ne kawai. Waya ɗaya ce ta kwamiti, tana hannun masu mako, ba a ba da lambar kowa. Makullin ɗakin ajiya biyu ne a hannun mutum biyu, ba a buɗewa sai dukansu suna tsaye. Barguna da rigunan sanyi kuma a Oktoba muke shiga gwanjon Katako mu saya, kafin hunturu ya sa 'yan kasuwa su farga, a wanke, a ware na yara da na manya, a rubuta girman a jikin kowane ƙulli.