Zagayen duba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a famasin Kano

Da muka fita duba ko ana samun muhimman magungunan kashe ƙwayoyin cuta a famasin asibitocin gwamnati da kantunan 'yan kasuwa a cikin Kano, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya muka bi: ba a rubuta "akwai" sai an ga maganin da ido a ranar ziyara. Wanda ake jira daga sito, ko wanda yaron kanti zai ruga ya karɓo a maƙwabta, babu ne. Burin hukumar shi ne a samu kowane muhimmin magani a kashi 80 cikin 100 na wuraren da aka duba.

Jerin da za a riƙe sai ya fayyace ƙarfi da siffa. Idan aka rubuta amoksisilin kawai, kowa zai ce yana da shi, alhali kafso mai miligiram 500 yake nufi. Ƙwayar miligiram 250 mai narkewa a ruwa, wadda ake ba yara masu ciwon nimoniya, ita ce ta fi ba mu wahalar samu. Haka allurar benzatin fenisilin. Amma seftriyakson da sifro (sifrofloksasin), waɗanda hukumar ta sa a rukunin da ake takatsantsan da shi don kada ƙwayoyin cuta su bijire, ga su nan birjik, har a ƙananan kemis ɗin da lasisinsu bai kai nan ba. Masu kanti ba sa ɓoye dalili: mai arha ba riba, mai tsada ke juya jari. To in maganin da ya kamata a fara da shi ya ɓace, likita da majinyaci duk sai su tsallake zuwa na gaba.

A asibitocin gwamnati kada a tsaya a taga, a nemi katin sito. A nan ake ganin kwana nawa magani ya yi a yanke. Tsarinsu na asusun magani ne mai juyawa, a saro daga DMCSA, hukumar samar da magunguna ta jihar Kano, a sayar, a sake sarowa. Da zarar kuɗin ya maƙale a bashi, sai "O/S", wato magani ya ƙare, ta yawaita a takardun likita.

Kowane kwali mun duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, mun kuma tambayi inda aka saro shi, musamman tunda aka mayar da dillalan magani na Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024. Ajiya ma abin dubawa ce. Yawancinsu ƙasa da digiri 30 suke so, zafin Afrilu a Kano kuwa yana haura 40, ga kanti mai rufin kwano ba silin. Augmentin na ruwa da aka haɗa sai firji, kuma kwana 7 ne iyakarsa.

Farashi kuwa na cikakken zagayen magani ake rubutawa, ba na kati ɗaya ba. Kafso 3 a rana na kwana 5 ya kama 15, kati kuma 10 ne, shi ya sa mutum ke sayen ɗaya ya tsaya. A auna jimillar da albashin yini: mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa a 2024, naira 70,000 a wata, ya kama wajen 2,300 a rana. Abin da ya haura wannan, a tsarin, ya fi ƙarfin talaka ko da yana kan kanta. A rubuta farashin mafi arha daban da na asalin kamfani, domin tun da GSK, kamfanin da ke yin Augmentin, ya sanar da janyewa daga Najeriya a 2023 tazarar da ke tsakaninsu ta yi faɗi sosai.