Kada ka ce mata "vieja"

Ɗan ƙanwata na shirin tafiya karatu Sifaniya. Shekaranjiya ya miƙo mini waya in duba saƙon da zai tura wa matar da za ta ba shi hayar ɗaki a Balensiya, sai na ga ya buɗe da "hola, vieja", wato "sannu, tsohuwa". Na ce, "Kai, wa ya koya maka wannan?" Ya ce, "Kawu, ai tsohuwa ce, na ga hotonta, kuma haka waya ta fassara." Ko ɗago kai bai yi ba.

Da bakina na yi irin wannan ɓarnar a birnin Saragosa na Sifaniya, ina aiki a shagon kayan miya bayan na baro gonakin rumfar leda na Almeriya. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa kowace safiya da keken cefanenta, ta tsaya tana nuna tumatirin da take so ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ni ina ɗauka ina aunawa. Ina ganin girmanta ƙwarai. Ranar nan na ɗan rusuna na ce mata, "buenos días, vieja." Ta dube ni, ta mayar da kuɗinta jaka, ta ja kekenta ta fita. Ba ta ƙara tako shagon ba.

Har yau ina cewa ba laifina ne duka ba. Mu nan mutum ya ce "tsohuwata ba ta da lafiya", kowa ya san uwa yake nufi, kuma girmamawa ce. Ga wani ɗan Ajantina da muka yi aiki tare, in ya ce "mi vieja" mahaifiyarsa yake nufi, idonsa har ƙwalla yake kawowa. To yaya zan san cewa a Sifaniya ka jefi baƙuwa da kalmar nan kamar ka ce mata ta tsufa ta ƙare ne? Amma kuma na sani, da na tambayi mai shago da ya faɗa mini. Girman kai ya hana ni, ina ganin na iya harshe. Abin da ya fi ci mini rai, na riƙa hango matar a bakin cocin unguwa, sai in sauya hanya, ban taɓa tsayawa na ba ta haƙuri ba.

Na koma cewa "abuela", wato kaka, ina ganin na gyara. Wata ta ce mini ita ba kakata ba ce. Da gaskiyarta. Jikoki ne ke da wannan kiran, a can Saragosa ma "yaya" da "yayo" suke ce wa kakanninsu, ba yayar da muka sani ba.

Na so in zaunar da yaron nan in yi masa dogon bayani, amma yaran yanzu ba sa jure magana mai tsawo. Don haka ga shi a taƙaice. In kana magana a kan dattijai, ka ce "persona mayor" ko "los mayores", wato babban mutum ko manya. Hukumar da ke kula da su ma, IMSERSO, kalmar "mayores" ce a sunanta. A Latin Amurka "adulto mayor" za ka fi ji. "Anciano" ta jarida ce da littafi, tana nuna wanda ƙarfi ya ƙare masa, kada ka faɗa wa mutum a idonsa. In gabansa kake, "señor" ko "señora", in ka san sunansa na yanka ka sa "don" ko "doña" a gaba. Kuma "usted" za ka ce, yadda muke ce wa iyaye "ku". Kullum.

To, ba kullum ba. Dattijai da yawa a Sifaniya za su ce ka daina, kana tsofar da su, ka ce musu "tú", wato "kai" ko "ke". In sun nema ka bi, ko da bakinka ya yi nauyi. Ni nawa bai taɓa sakewa ba, kuma ban ce na yi kuskure a nan ba.

Wayar nan kuma ku rage dogara da ita. Ba ta san wa ke tsaye gabanka ba. Ku tambayi mutum mai rai, ku da ko gaisuwar gida sai an tuna muku ku durƙusa.