Sana'ar kama ƙara

Kusan duk wanda ya shigo wurinmu, mu masu ƙera allunan rage ƙara, soso yake tambaya. Ya ji an ce da an manna shi a bango ƙara ta mutu. Sai in zaunar da shi in ce: shanye sauti daban, tare shi daban. Soso yana rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki, amma ba ya hana ƙara ratsa bango. Tarewa nauyi take so, kuma ko ka ninka nauyin bangon, ragin da za ka samu wajen desibel 6 ne kawai (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne).

Rugugi ne ke ba mu wuya, irin na janareto ko babbar fanka. Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, saboda haka rugugin da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, tsawon zangonsa, wato nisan da yake ci a kaɗawa ɗaya, mita 3.4 ne. Kafin soso ya shanye shi da kyau sai kaurinsa ya kai kwatan wannan, santimita 85. Wa zai ba ka wannan fili a ɗakinsa?

To a nan muke cin abinci. Ka taɓa hura bakin kwalba ta yi kuka? Iskar wuyanta ce ke kai-komo, ta cikinta tana turo ta. Bajamushe Helmholtz ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19. Mu kuwa muna zana ƙananan ramukan iska da lanƙwasassun hanyoyi a kwamfuta, mu jera su cikin siririn allo. Sauti ya shiga, ya yi ta gogar bangon ramin har ƙarfinsa ya koma ɗan zafi. A shekarar 2000 masana a Hong Kong suka lulluɓe ƙwallayen dalma da roba mai taushi, suka nuna ƙaramin abu yana iya tare sautin da zangonsa ya ninka shi nesa ba kusa ba. Har gobe wannan aiki yana burge ni.

Sai dai kowane rami muryar da aka yanka masa kaɗai yake kamawa. Na taɓa yi wa wani injin allo, a bututun gwajinmu ya yi kyau ƙwarai. Da aka ɗora wa injin kaya sai gudunsa ya sauya, rugugin ya zame daga inda muka ɗana masa tarko. Da kuɗina na sake aikin, na gauraya ramuka manya da ƙanana. Tun daga ranar ba na zana komai sai na kai makirfo wurin, na yini ina sauraron injin yana aiki.