Kafin a ɗora wa fayawol laifi

Masu shaguna da ke kirana a kan kyamarorin tsaro kokensu kusan iri ɗaya ne: "Malam, a shago ina kallo lafiya lau, da na isa gida sai waya ta ƙi nunawa." Yaran da suka haɗa musu kuma amsarsu a baki take, wai fayawol ne ya toshe, wato mai gadin da ke tace saƙonnin da ke shiga na'ura. Galibi fayawol ɗin bai ma san ana yi ba.

Ni ba na taɓa kowane saiti sai na gwada fot tukuna, wato ƙofa mai lamba da saƙo ke bi ya shiga na'ura. Na'urorin kyamara na kamfanin Hikvision suna aiki da fot 80 da 8000, sai 554 na bidiyo. Nakan haɗa laftof da rautar shagon, akwatin da ke raba intanet, in buga `nc -zv 192.168.1.64 554`, wato adireshin na'urar kyamarar da lambar fot ɗin. In Windows ce, `Test-NetConnection 192.168.1.64 -Port 554` a PowerShell ya wadatar.

Idan ya shiga, shi ke nan. Idan bai shiga ba, yadda ya ƙi shi ne abin dubawa, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Kamar sallama ce a ƙofar gida: yaro ya fito ya ce mai gidan ba ya nan daban, ka yi ta sallama shiru daban. In amsa ta dawo nan take da "Connection refused", saƙonka ya isa na'urar, sai dai babu abin da ke sauraro a wannan fot ɗin. Ƙila an sauya lambar, ƙila an kashe manhajar. In kuwa aka yi ta jira har lokaci ya ƙare, to wani abu a hanya yana zubar da saƙon bai ce uffan ba. A nan ne zan fara zargin fayawol, bayan na tabbatar adireshin daidai ne.

Daga nan sai gwaji daga waje: in kashe Wi-Fi, in gwada da datar waya. Wanda ya gwada daga cikin shago kawai bai gwada komai ba.

Abin da ya fi kayar da mu shi ne rauta mai sim. Buɗe shafinta ka duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin layin ya ba ta. In ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, kamfanin layin ya haɗa ka da wasu masu yawa a kan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Ko ka kwana kana buɗe fot a rautar, daga waje ba wanda zai iso. Mafita sai dai Hik-Connect, manhajar Hikvision ta kallo daga nesa, ko VPN irin Tailscale, wato keɓaɓɓiyar hanya tsakanin na'urorinka, ko Alhaji ya biya kuɗin adireshi nasa na kansa.