Wasiƙun da ba a buɗe ba

Shekara huɗu ke nan ina aiki a sashen karɓar haya na wata ƙaramar hukuma a arewacin Ingila. Na shiga da tunanin da na taho da shi daga gida, cewa wanda bai biya haya ba, ko dai ya cinye kuɗin ko kuma taurin bashi gare shi. Ban cika wata uku ba na ajiye wannan tunani.

Hayar gidajen hukuma mako-mako ake rubuta ta, galibi ranar Litinin. A da, tallafin haya kai tsaye yake faɗawa asusun gidan, ɗan haya ko ganinsa ba ya yi. Da aka soma Universal Credit, sabon tsarin tallafin gwamnati, a 2013, sai kuɗin ya koma hannunsa, wata-wata, kuma biyan farko sai ya jira mako biyar. Wanda aikinsa ya tsaya yau, kafin sisi ya shigo masa kwamfutarmu ta rubuta masa bashin fiye da wata guda, alhali bai yi laifin komai ba. Ga kuma ragin tallafin haya da ake yi wa mai ɗakin kwanan da ya yi rara tun Afrilun 2013: kashi 14 cikin ɗari in ɗaki ɗaya ne, kashi 25 in biyu ne ko fiye.

Amma ba a ofis na fi koyon aikin ba. Wata rana na je gidan wata mata da muka aika wa wasiƙa shida ba amsa. Na ɗauka raini ne. Ta shiga kicin ta ɗauko leda cike da ambulan, ko ɗaya ba ta buɗe ba. Ta ce tun da mijinta ya rasu, in ta ga tambarin hukuma gabanta faɗuwa yake yi. Muka zauna muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da yake bashinta ya wuce na wata biyu, na nemi a riƙa turo mana hayar kai tsaye daga tallafinta, na cike mata takardar neman ƙarin taimakon haya, muka daidaita a kan abin da za ta iya ragewa duk mako. A ranar na ji nauyin wasiƙun nan shida da ni na sa wa hannu.

Ba wai ina ganin a yafe ba ne. Kuɗin haya asusu na musamman yake shiga, da shi ake gyara rufi da na'urar ɗumama gida, kuma maƙwabcin da ke biya a kan kari shi ke jira in asusun ya rame. Kotu ma tana nan. Dokar gidaje ta 1985 ta ce kafin a nemi korar ɗan haya a ba shi sanarwar aƙalla mako huɗu, sannan sai alƙali ya gamsu cewa korar ta dace, kuma sau da yawa yakan jingine hukuncin muddin ana biya. Wanda aka fitar kuwa bashin na nan, kuma in da yara, sau da yawa sashen marasa matsuguni na hukumarmu ne zai kama musu wurin kwana da kuɗin da ya fi hayar.

Yanzu ba na jiran wasiƙa ta uku. Da na ga mako biyu ba a biya ba sai in buga waya, in ba a ɗauka ba in saka rigar sanyi in je in ƙwanƙwasa ƙofa.