Notably: kalmar da ta tsayar da ni da ƙanwata jiya

Jiya bayan isha'i ƙanwata ta kawo min takardar Turancinta, bak, wato jarrabawar kammala sakandare, take shirin rubutawa bana a nan Garwa ta Kamaru, ta ce Yaya meye "notably"? Ban ma ɗago kai daga waya ba na ce ai notamment ce ta Faransanci, musamman kenan, rubuta kawai. Ta rubuta, can sai ta ce Yaya wlh jimlar ba ta zauna ba. Na karɓa na duba, gaskiyarta ne.

Jimlar ita ce "Fuel was notably cheaper in Nigeria." In ka sa musamman a nan ma'anar ta koma kamar mai ne kaɗai aka ware cikin kaya, alhali abin da ake nufi shi ne man ya fi araha sosai, arahar da ba sai an nuna maka ba. Kuma mu 'yan Garwa ai mun san wannan da idonmu, kafin Tinubu ya cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wa bai sayi zuwa-zuwa, wato man Najeriya na fasa-ƙwauri, a kwalba a bakin titi ba?

To ashe aikin notably biyu ne. In ta zo gaban sunaye bayan an yi magana a dunƙule, nan ne take musamman, kamar ka ce "many towns on the Benue, notably Garoua and Yola", garuruwan bakin Binuwai da yawa amma ga biyun da nake son ka riƙe. Nan ita da notamment kamar Hassan da Hussaini suke, dama tushensu ɗaya, nota ta Latin wato alama. Amma in ta manne da siffa irin su cheaper ko absent sai ta zama "ƙwarai, har kowa ya lura". Wanda aka ce "notably absent" a wajen ɗaurin aure ba rashin zuwa kawai ya yi ba, rashin nasa ne mutane suka yi ta tambaya.

Abin ya dame ni fa, don mu da muka yi lakwal, wato makaranta, da Faransanci haka muke yi wa Turanci, da mun ga kalma ta yi kama da wadda muka sani sai mu ɗora mata ma'ana mu wuce, ga Turancin nan harshen gwamnati ne a Kamaru, ga Yola nan kusa da mu muna ciniki kullum. Na ce ta goge ta rubuta "sosai", yau da safe kuma ta kawo min "eventually".